Jirgin ƙasa na cikin birni da ranar ambaliya



A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta afka wa birnin New York, ruwan teku ya cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa ƙarƙashin kogin East River. Abin da ya rage asarar shi ne tun kafin guguwar ta iso hukumar sufuri ta MTA ta dakatar da zirga-zirga, ta kwashe jiragen zuwa tudu. Cikin 'yan kwanaki wasu layukan suka dawo aiki.

Sabuwar tashar South Ferry kuwa ta sha kashi. A 2009 aka buɗe ta, ruwan gishiri ya cinye wayoyi da na'urorin sigina, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 2017. Bayan guguwar aka sanya ƙofofi da murafan da ke toshe mashigai da ramukan shan iska.

Wannan darasi ya shafi Legas, birnin bakin teku da layin jirginsa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Ya kamata hukumar sufurin Legas, LAMATA, ta bayyana wa jama'a shirinta na ranar ambaliya: inda za a ajiye jirage, da motocin da za su kwashi fasinjoji.

Mai karatu daga Kano