Haɗe Shafuka Masu Kama Ɗaya a Jigon Linux: Ƙarin Sauri ko Sanin Abin Tsallakewa?

Ma'adanar aiki ta kwamfuta, wadda aka fi sani da RAM, a yanke take gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a mafi yawan na'urori shafi ɗaya bait 4096 ne. Idan babbar na'ura ɗaya ta goya kwamfutoci goma na kwaikwayo, wato kwamfutocin goyo, kuma dukkansu suna tafiyar da babbar manhaja iri ɗaya, to dubban shafuka za su kasance kwafin juna harafi da harafi, kowanne ya tare wurinsa. Dabarar haɗe shafuka ita ce jigon manhajar ya ajiye kwafi ɗaya ya kulle shi, ya nuna wa kowa shi, ya saki sauran wuraren. Duk wanda ya zo zai yi rubutu a kai, sai a yi masa nasa kwafin nan take, kamar yadda ɗakin karatu ke riƙe littafi guda, mai son yin sharhi a gefen shafi kuwa a ba shi hotonsa.

Carl Waldspurger na kamfanin VMware ya bayyana dabarar a 2002. Linux kuwa ta samu tata, mai suna KSM, a sigar 2.6.32 da ta fito a watan Disamba na 2009. A lokacin an yi ta yayata gwajin kamfanin Red Hat, inda aka tayar da kwamfutocin goyo 52 masu Windows XP, kowace da gigabait ɗaya, a kan na'ura mai gigabait 16 kacal. Gwajin abin burgewa ne, amma ya bar wani gurgun ma'auni: tun daga nan ake auna nagartar dabarar da yawan wurin da ta ceto, ba a cika tambayar abin da aka biya ba.

Abin da ake biya shi ne lokacin masarrafi. Wani ɗan aike na jigon, mai suna ksmd, yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya yana neman tagwaye. Yana riƙe da jeri biyu masu siffar bishiya, ɗaya na shafukan da aka riga aka haɗe, ɗaya na waɗanda ake sa wa rai. Kafin shafi ya shiga jeri na biyu sai an ɗauki tambarin abin da ke cikinsa, a dawo a wani zagayen a ga ko ya sauya. A tsarin asali, ksmd yana duba shafi 100 sannan ya huta na milisakan 20, wato kusan shafi 5,000 a daƙiƙa. Da wannan tafiya, zagaye ɗaya a kan gigabait 64 zai ci kusan awa guda, kafin nan kuwa shafuka da dama sun riga sun sauya ko sun gushe. Mai kula da na'ura sai ya ɗaga adadin, masarrafin kuma ya koma ɓata ƙarfinsa wajen sake duba shafukan da ba su taɓa samun tagwai ba, ba kuma za su samu ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

An sauya hanyar ɗaukar tambarin zuwa xxhash a sigar 5.0 ta 2019. Gyara ne mai amfani, sai dai farashin kowace ziyara ya rage, bai rage yawan ziyarce-ziyarcen banza ba. Gyaran da ya fi dacewa da matsalar ya zo ne daga Stefan Roesch, injiniya a kamfanin Meta. A sigar 6.7 aka shigar da duba mai lura, wanda ke tuna shafin da aka sha gwadawa bai haɗu da kowa ba, ya riƙa tsallake shi na wasu zagaye. A sigar 6.8 kuma aka ƙara mashawarci da ke daidaita yawan shafukan dubawa da kansa, gwargwadon lokacin da ake so zagaye ya ɗauka. Wannan ita ce alkiblar da ta cancanci ƙarfin masu bincike, domin ta mayar da tambayar daga yadda za a duba da sauri zuwa abin da bai cancanci dubawa ba.

Akwai kuma shafukan da bai kamata a haɗe ba ko da sun yi kama, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Rubutu a kan haɗaɗɗen shafi yana ɗaukar lokaci fiye da rubutu a kan shafi na kai, saboda kwafin da sai an yi tukuna. Mai mugun nufi zai iya ƙera shafi, ya jira, ya yi rubutu yana auna lokaci. Idan an samu jinkiri, ya san maƙwabcinsa na da irinsa. Kuniyasu Suzaki da abokan aikinsa a Japan sun nuna haka a 2011. A 2016 masu bincike a jami'ar Vrije da ke Amsterdam suka wuce nan da harin da suka kira Flip Feng Shui: suka sa aka haɗe shafinsu da na wata kwamfutar goyo, sannan suka yi amfani da raunin ma'adana da ake kira Rowhammer suka juya ƙwayar bayani a cikin mabuɗin tsaronta. VMware dai tun a 2014 ta sanar da cewa za ta daina haɗe shafuka tsakanin kwamfutocin goyo sai mai na'ura ya nema. KSM kuwa duk shafin da aka ba ta izini a kansa, a tukunya ɗaya take zuba shi da na kowa, ba ta tambayar na wane ne.

Za a iya cewa shata iyaka tsakanin masu shafuka zai zubar da rabin ribar, tunda tsakanin baƙin juna ne kwafi ya fi yawa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ko'ina take aiki ba. Inda mai na'ura da mai dukkan ayyukan da ke kanta mutum ɗaya ne, kamar kamfani mai tafiyar da manhajojinsa ko jami'a mai ɗakin gwajinta, iyakar ba ta rage komai. Inda ake ba da haya ga mutanen da ba su san juna ba kuwa, wurin da aka ceto na mai na'ura ne, haɗarin kuma na ɗan haya ne da ba a shawarce shi ba. Da KSM za ta ware wa kowane mai haya nasa jerin, da shafinsa bai taɓa haɗuwa da na baƙo ba, kuma da ksmd ya daina gwada shi da shafukan da tun farko bai halatta a haɗa su ba.