Kafin Mu Tura Labarin "Sabuwar Duniya", Mu Ji Abin Da Ya Faru Da Groombridge 34



Lokaci zuwa lokaci wani saƙo yakan zagaya wayoyinmu yana cewa masana sun gano wata duniya irin tamu. Yakan zo da hoto shuɗi mai teku da gajimare, wani lokaci ma a ƙara da cewa an kusa fara kwashe mutane zuwa can. Mu kanmu mun sha tura irin wannan saƙo ba tare da mun tsaya mun duba ba. Yara su karanta, su zo su tambaye mu, mu ba su amsar da mu ma ba mu tabbatar ba. Shi ya sa a yau muka ɗauko labarin wasu taurari biyu da ke maƙwabtaka da mu. Ra'ayinmu shi ne, abin koyi a binciken sararin samaniya shi ne yadda masana ke ƙin yarda da maganar junansu sai an sake aunawa, kuma wannan ɗabi'a ta fi hoton shuɗiyar duniya amfani gare mu.

Sunan taurarin Groombridge 34, wasu littattafan kuma suna kiran su Gliese 15. Sunan farko na wani Bature ne ɗan Ingila, Stephen Groombridge, wanda asalinsa ɗan kasuwa ne da ya fara da sayar da yadi a Landan. Daga shekarar 1806 ya kafa na'urar auna taurari a gidansa da ke Blackheath, ya riƙa rubuta wurin da kowane tauraro yake, dare bayan dare. Ya rasu a 1832, littafinsa mai ɗauke da taurari sama da 4,000 kuma bai fito ba sai 1838. Na 34 a jerin shi ne wanda muke magana a kai.

Abin da ke wurin taurari biyu ne da ke zagaya juna, babba da ƙarami, kuma zagaye ɗaya yana cin su fiye da shekara 1,000. Dukansu daga jinsin ƙananan jajayen taurari suke, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da wadanni saboda ƙanƙantarsu. Babban bai kai rabin nauyin ranarmu ba, ƙaramin kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wutarsu ba ta da ƙarfi, shi ya sa haskensu ya yi ja kamar garwashi. Irin waɗannan taurari su ne mafi yawa a tarin taurarin da muke ciki, kusan uku cikin kowane huɗu, amma duk yawansu ido ba ya ganin su sai da na'urar hangen nesa. Groombridge 34 yana ɓangaren sama da ake kira Andiromeda, wanda yake tasowa sama sosai da daddare a watannin Oktoba da Nuwamba. Wanda ya fita wajen gari da madubin hangen nesa mai kyau zai iya hango babban a matsayin ɗan ɗigo, in ya san inda zai duba.

Idan aka ce maƙwabta ne, a fahimci irin maƙwabtakar. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, yana isowa daga rana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Groombridge 34 kuwa sai ya yi shekara 11 da 'yan watanni a hanya. Hasken da zai iso daren yau ya baro can tun lokacin da aka haifi yaran da yanzu ke shirin gama firamare. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 200,000 kafin ya isa. Duk da haka waɗannan taurari suna cikin mafiya kusa da mu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin duk saƙon da ya ce an kusa fara jigilar mutane.

To yaya aka san akwai duniyoyi a wurin, alhali babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu? Ga yadda abin yake. Idan mutum ya ɗaura guga cike da ruwa a igiya yana juya shi, shi ma jikinsa yakan ɗan yi rangaji. Haka tauraro yake yi idan wata duniya tana zagaya shi: yakan ɗan matso wajenmu, ya ɗan koma baya. Wannan motsi yana sauya launin haskensa kaɗan, kamar yadda ƙarar jiniyar motar asibiti ke sauyawa idan ta nufo ka da kuma bayan ta wuce. Motsin da aka auna a babban tauraron Groombridge 34 bai wuce mita biyu zuwa uku a daƙiƙa ba, wato saurin mutum mai sassarfa, kuma daga nisan kilomita sama da tiriliyan 100. Da wannan dabara ce Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin ranarmu a 1995, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2019.

A shekarar 2014 wasu masana ƙarƙashin Andrew Howard, da ke aiki da babbar na'urar Keck a kan dutsen Mauna Kea na Hawai, suka sanar cewa sun gano wata duniya tana zagaya babban tauraron a cikin kwana 11 da 'yan sa'o'i. Sun ƙiyasta nauyinta ya kai aƙalla ninki biyar na duniyarmu. Da a wayoyinmu ne, da labari ya ƙare nan.

Amma a wurin masana nan ne aikin ya fara. Wajen shekarar 2017 wata tawaga da ke amfani da na'urar CARMENES a Calar Alto ta ƙasar Sifen ta sake auna tauraron, ta ce ba ta ga wannan alama ta kwana 11 a nata awon ba. Shakkar tana da dalili. Taurari suna da tabo a jikinsu, kuma idan tauraro yana juyawa, tabon yakan rikita haske har ya yi kama da jan wata duniya. Wannan tauraro yana juyawa sau ɗaya a kusan kwana 44, kwana 11 kuwa rubu'in hakan ne, don haka dole a yi taka tsantsan.

A 2018 tawaga ta uku, mai amfani da na'urar HARPS-N a tsibirin La Palma na Kanari, ta haɗa tsohon awo da sabo, ta ware rikicin da tabon tauraro ke kawowa, ta ce duniyar tana nan, sai dai nauyinta ya fi kusa da ninki uku, ba biyar ba. Ta kuma ga alamar duniya ta biyu can nesa, mai nauyin sama da ninki 30 na tamu, wadda ke ɗaukar kimanin shekara 20 kafin ta gama zagaye ɗaya. Ita wannan ta biyun lissafinta yana ta gyaruwa, domin ba a gama sanin hanya mai cin shekara 20 da awon 'yan shekaru.

Ku duba tsarin: wani ya ce ya gani, wani ya ce bai gani ba, na uku ya zo da ƙarin awo ya ce akwai amma a rage adadin. Babu wanda aka zaga, babu wanda aka ce maƙiyi ne don ya yi shakka. Shakkar ce ma ta sa aka samu adadi mafi inganci.

Kuma ba kullum labarin ke ƙarewa da tabbatarwa ba. A 2010 an sanar da wata duniya mai suna Gliese 581g, ita ma a jikin jan tauraro, jaridun duniya suka cika da cewa an samu wurin da rai zai iya zama. A 2014 wani bincike ya nuna cewa rikicin tauraron ne ya ruɗi masu awon. A 2012 an sanar da wata a jikin Alpha Centauri B, ɗaya daga cikin taurari mafi kusa da mu, a 2015 aka nuna ba ta nan. Waɗanda suka yaɗa labarin farko da yawa ba su taɓa jin na biyun ba, domin gyara ba ya gudu kamar jita-jita.

Ko da an tabbatar da duniya tana nan, wannan bai mayar da ita wurin zama ba. Ta farkon Groombridge 34 tana nisan kusan kilomita miliyan 11 daga tauraronta, mu kuwa muna nisan miliyan 150 daga rana. Duk da raunin wutar tauraron, ta matsa kusa har zafinta ya wuce inda ruwa zai zauna a fili. Ta biyun kuma ta yi nisa ƙwarai, tana cikin sanyi da duhu, nauyinta ma ya nuna ta fi kama da manyan duniyoyin iska irin su Neftun. Ƙari a kan haka, taurarin biyu duka masu tartsatsi ne: sukan yi aman wuta ba zato, haskensu ya ƙaru cikin mintuna. Irin wannan aman yana iya cinye iskar da ke lulluɓe da duniyar da ke kusa. Hotunan shuɗiyar duniya da muke gani a saƙonni kuwa zane ne na kwamfuta, mai zane ne ya zauna ya ƙiyasta.

Mun san wasu 'yan uwa za su ce, to in babu wurin zama, me ya sa ake kashe kuɗi a kai, ga yunwa ga tsadar rayuwa? Tambayar tana da nauyi, kuma ba za mu ce sanin Groombridge 34 zai sauke farashin mudun shinkafa ba. Amma akwai abin da ake nema a wurin. An daɗe ana tambaya ko duniyoyi za su iya samuwa su ɗore a inda taurari biyu ke jan juna, domin jan na biyun yana iya tarwatsa ƙurar da duniyoyi ke haɗuwa daga gare ta. Tambayar tana da muhimmanci saboda kusan rabin taurari irin ranarmu suna da abokin zagaye. Groombridge 34 ya nuna cewa idan taurarin biyu sun ba juna tazara sosai, duniyoyi suna iya zama a jikin ɗaya. Kusancinsa kuma ya sa ya fi sauƙin nazari fiye da dubban da ke nesa. Duniyoyin da aka tabbatar a wajen tsarin ranarmu sun haura 5,000, amma kaɗan ne ke kusa haka. Da irin wannan tarin sani ake gane ko tsarin da muke ciki abu ne gama-gari ko kuwa mai wuyar samu.

Wasu kuma za su ce, tunda masanan kansu suna sauya magana, me ya sa za mu yarda da su? Mu dai a ganinmu wannan shi ne dalilin yarda. Ɗan kasuwar da ya auna maka kaya, ya ga ya yi kuskure, ya kira ka ya gyara, shi ne za ka koma wurinsa gobe. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Saƙon da ke yawo a waya ba shi da suna, ba shi da shekara, ba shi da wanda zai dawo ya ce a gyara.

Saboda haka muna ba kanmu da ku shawara. Idan irin wannan labari ya iso, mu yi masa tambayoyi kafin mu danna turawa. Mene ne sunan tauraron, kuma nisansa shekarar haske nawa ne? Su wa suka auna, da wace na'ura, a wace shekara? Wata tawaga dabam ta sake aunawa ta samu abu ɗaya? Hoton da aka haɗa, ɗauka aka yi ko zanawa? Labarin da ya kasa amsa waɗannan, ya tsaya a wayarmu. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga taurari ba, ita ce za ta kare mu a kan labarin magani, da na kuɗi, da na rikici, inda kuskure ke jawo asara ta gaske.

Ga iyaye kuma, idan yaro ya zo da tambaya kan sama, kada mu kore shi, kada kuma mu ƙirƙira masa amsa. Mu gaya masa cewa akwai wasu jajayen taurari biyu da haskensu ke yin shekara 11 kafin ya iso, cewa wani mai sayar da yadi ne ya sa su a littafi kusan shekara 200 da suka wuce, kuma sai da tawaga uku suka yi ta awo suna gyara juna kafin aka amince akwai duniya a jikin ɗaya. Yaron da ya ji wannan ya koyi lissafi, ya koyi haƙuri, ya kuma koyi cewa tambayar "wa ya ce, kuma ta yaya ya sani?" ba rashin kunya ba ce. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma masu auna taurarin nan har yanzu suna ci gaba da awo don su ƙara tabbatar da lissafinsu kan duniya ta biyu.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya tsare mu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba.

Daga Sakataren Ƙungiya