Wasiƙar Ɓarawo Da Tambarin Banki

A zamanin En'e, akawu ba ya aiki da takarda sai ya dubi hatimi da sa hannu. Hali ne mai kyau, amma yau ta nan 'yan damfara suke shammatar masu ilmi, gama tambarin banki a cikin imel ba shi da wuyar kwaikwayo, ko yaro yana iyawa.

Wasiƙa takan zo wa malami a Kiru ko akawu a Bebeji da sunan bankin da albashinsa yake shiga, wai za a rufe ajiyarsa kafin gobe in bai taɓa wani wuri ya sabunta bayanansa ba. Da ya taɓa, sai ga shafi kamar na banki sak, yana neman lambar kati, da lambar sirri, da 'yan lambobin nan da banki yake aikowa ta waya. In ya rubuta, albashin watan ya tafi.

Abin da ya ba ƙaryar ƙarfi, watau ta jingina da gaskiya. Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, a Disamba 2023 kuma ya umurta a haɗa ajiya da BVN ko NIN. Mutum ya sha jin haka a rediyo. Sa'an nan mutumin Doguwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya kai Tudun Wada, balle Kano, ba mamaki ya so gama magana a waya. Ba mu ga laifinsa ba.

To, amma banki ba ya tambayar lambar sirri, ko ta imel ko ta baki. Wanda ya tambaya, ɓarawo ne. A taɓa sunan mai aikowa a karanta adireshin baƙi-baƙi: sau da yawa na Gmail ne, ko an musanya harafi ɗaya cikin sunan bankin. Gaggawar ma alama ce.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hana wannan sana'a, sai dai ɗauri ba ya komo da kuɗi da sauri. Wanda ya riga ya faɗa, ya kira lambar da take bayan katinsa nan take a toshe shi.

Muna roƙon malamai musamman, da yake su ake kai wa waya a ƙauye a ce su karanta. Kafin su fassara wa mai ita abin da wasiƙar ta ce, su fara duba daga ina ta fito.