Kasagi da Aikin da Ba Ya Zama a Takarda

Lokacin da Umaru Ɗanjuma Katsina ya rasu, masu ta'aziyya sun tuna shi da abu biyu: laƙabinsa na Kasagi, da littafinsa Kulɓa Na Ɓarna, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Ba a yi masa ƙarya ba, amma an rage masa mudu. Kasagi marubuci ne, ɗan wasa ne, kuma mai shirya wasa ne a dandamali da talabijin, tsaran Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, waɗanda suka sa magidanta ɗokin komawa gida domin kallon abin da Kaduna za ta haska.

Dalilin da littafin ya rinjayi sauran aikinsa a bayyane yake. Takarda tana jure shekaru. Ɗalibai sun karanta wasan a makarantu, sun ga yadda masu kuɗi ke lalata 'yan mata 'yan makaranta, laifin kuma ya faɗa kan wani daban. Karin maganar da aka ciro sunan ma cewa take kulɓa na ɓarna ana cewa jaɓa ce. Daga baya Brendan Shehu ya mayar da shi fim a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

Aikin mai ba da umarni kuwa ba ya zama a shafi. Shi ne ke cewa ɗan wasa ya dakata kafin ya ba da amsa, ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya, ya san lokacin da za a bar shiru ya yi magana. Duk wannan a kan kaset yake, kaset kuwa a wancan zamani tsada gare shi, har gidajen talabijin sukan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. BBC ma ta yi haka. A 2013 a Jos aka tsinto kashi tara na Doctor Who da suka ɓace mata. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe da fid da rai da shi kafin a gano shi a Legas, aka gyara, aka nuna a Balin a 2018.

Ashe ana samu idan an nema. Katsina tana da gidan talabijin nata, tana da hukumar tarihi da al'adu, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ya kamata ɗayansu ta tura mutane Kaduna da Jos su bi ɗakunan ajiya, su kwafe abin da ya rage na Kasagi zuwa kwamfuta, sannan su zauna da tsofaffin da suka yi aiki tare da shi, da rakoda a hannu. Waɗannan tsofaffin kullum raguwa suke yi, kaset kuma zafi da ƙura suna cin sa ko da babu wanda ya taɓa shi.