Dakarun Jini In Sun Auka Wa Gida

Zancenmu na yau a kan wata cuta ce ta jarirai, wadda ba a cika ganinta ba, likitoci na kiranta HLH. Farquhar da Claireaux, likitocin Edinbara, su suka fara bayyana ta cikin 1952. Gadonta ake yi daga uwa da uba duka, don haka ta fi aukuwa inda ake auren zumunta.

Allah ya sanya dakaru cikin jinin ɗan Adam, masu yaƙi da cuta. To, a jikin irin wannan yaro ba su san tsayawa ba, har su auka wa jinin da suke tsaro. Zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura, jini ya yi ta raguwa.

Cikin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da emapalumab. Makari ne da aka sarrafa, yana kame interferon gamma, sinadarin da ke kaɗa wa dakarun nan gangar yaƙi. Lafar da wutar kaɗai yake yi. Warkewa sai an dasa wa yaro ɓargon ƙashi.

Saboda haka, malamai da akawuna, ku gargaɗi iyaye: zazzaɓin da ya gagari maganin cizon sauro, a koma wa likita ya auna jini, tun ba ma in an taɓa rasa jariri haka a gidan ba. Allah ya kiyaye mu, amin.