Ƙarin mahaifa: ba kowace mace ce ake cire wa mahaifa ba

Tun ranar 1 ga Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje da aikin tiyata a asibitocinta. Amma ga matan da ke fama da ƙarin mahaifa, wanda likitocinmu ke kira fibrom, tsoro ya fi kuɗi hana su zuwa. Mace ta ji an ce tiyata, sai ta ɗauka mahaifar za a cire, ga maganar kishiya ko saki. Sai ta koma ga jiƙo da rubutu har cikin ya yi kamar na wata shida.

Fibrom tsiro ne daga naman mahaifa, ba kansa ba ne, kuma ya fi yawa ga mata baƙar fata. Alamunsa su ne jinin al'ada mai yawa, nauyin mara, yawan fitsari, wani lokaci ɓari ko jinkirin haihuwa. Hoton ekografi ke nuna girmansa da inda ya zauna.

In ƙarami ne ba ya damun mace, sa ido kawai ake yi, domin yakan motse bayan al'ada ta ɗauke. In jini ne matsalar, akwai ƙwayoyin rage zubarsa, maganin ƙarin jini, da wasu hanyoyin tazarar haihuwa. Akwai allurar da ke rage girmansa na ƴan watanni kafin aiki. Sai tiyatar da ake ciro ƙarin a bar mahaifa, wadda likitocin mata ke yi a wurare irin su maternite Issaka Gazoby ta Yamai. Bayanta mace na iya ɗaukar ciki, sai dai ƙarin kan iya dawowa, kuma haihuwar na iya zama ta tiyata. Toshe jijiyoyin da ke ba ƙarin jini, dabarar da likitocin Faransa suka bayyana a 1995, na buƙatar na'urori da ƙwararru na musamman.

Jinkiri ne ke rage zaɓi. Macen da ta iso jininta ya ƙare, ƙari ya cika mahaifa, likita ranta zai fara ceto. Maigida, a kai ta asibitin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram ko Tawa da wuri, a tanadi dangin da za su ba da jini. Ƴan uwa na waje, kuɗin ekografi za ku fara aikowa. Ke kuma, ki tambayi likita kai tsaye: za a iya barin mahaifata?