Sanƙarau da Ƙaryar "Ƙara Ƙarfin Garkuwa"

A watan Maris na 2025 sanƙarau ya ɓarke a Jega da Aliero da Gwandu. Gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, aka kuma rufe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero bayan rasuwar ɗalibai. Irin wannan lokaci ne kakar masu tallar kwalaben "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", daga tashar Jega har Maiyama, kuma abin takaici, har da masu digiri cikin masu saye.

Tallar ta ginu ne a kan zaton cewa garkuwar jiki malalaciya ce, sai an zabure ta. Ba haka abin yake ba. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayoyin gado, irin su FOS da JUN da EGR1, waɗanda ke farkawa cikin mintuna da jin motsin baƙo, ba tare da jiran a ƙera sabon furotin ba. Tun 1984 Michael Greenberg da Edward Ziff suka nuna wannan hanzari na FOS. Su ne makaɗan gangar yaƙi, kuma a sahunsu ne ƙwayar gadon TNF, sinadarin da ke hura wutar kumburi, take tashi.

A sanƙarau, wannan wuta ita ce musibar. Kumburin da ke sandarar da wuya, ya kurmantar da yaro, ya durƙusar da bugun jini, akasarinsa martanin jikin ne ga ɓawon ƙwayar cutar. A 1987 likitoci a Norway suka gano cewa majinyatan da TNF ya yi yawa a jininsu su ne suka fi mutuwa. Shi ya sa jiki ke ɗaura linzami tun kafin sukuwa ta yi nisa: ZFP36, ita ma mai farkawa da wuri, aikinta lalata saƙon TNF. Ɓerayen da aka cire musu ita ramewa suke yi, gaɓoɓinsu su kumbura.

To, me za a ƙara wa dokin da ya riga ya ƙwace?

Mai zazzaɓi da sandarewar wuya allurar ceftriaxone yake buƙata cikin sa'o'i, domin cutar na iya kisa a yini guda. Mai lafiya kuwa rigakafin Men5CV, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024. Shi ma yakan ɗauki kusan mako biyu kafin ya kama, don haka lokacinsa kafin zafin bazara ne.